Shekarar da Na Tayar da Rifkatu Daga Tabarma

Abin da ya sa na ɗauki biro yau, hoton nan ne da Yohanna ya saka a gurup ɗinmu na waya ranar Lahadi bayan an tashi sujada. Kun gan shi ai: Rifkatu tsaye a ƙofar kicin ɗina lokacin Kirsimeti, ta naɗe hannu a ƙirji, kowa yana ta aiki ita tana kallo. Yohanna ya rubuta a ƙasa wai ga babbar mai duba aiki ta iso. Bitrus ya turo dariya har layi biyu, matarsa ta ƙara da cewa ai Anti Rifi da tukunya ba sa ga maciji. Na zauna da wayar a cinyata ina jira in ga abin da Rifkatu za ta ce. Ba ta ce komai ba. Ni ma ban ce ba, kuma wannan shirun nawa ya girmi 'ya'yanku duka.

To, ku ukun na haifa, ku ukun nake rubuta wa, amma wannan babin na Bitrus da Yohanna ne, domin Rifkatu ta san yawancin abin da ke ciki tun tana shekara takwas. 'Yar'uwarku ba raguwa ba ce. Ba a haife ta da ƙin kicin ba. Ni na fitar da ita, da bakina da hannuna, sannan na zauna shekara da shekaru ina ji kuna tsokanarta ina taya ku murmushi. Bari in faɗa muku yadda aka yi, ko da girmana zai ragu a idonku in kun gama karantawa.

Shekarar ce da muke gidan haya na bayan layin dogo, mai bishiyar mangwaro a tsakar gida. Babanku, wanda ya riga mu zuwa wurin Ubangiji, aiki ya kai shi Kaduna, sai ƙarshen wata muke ganinsa a Kafanchan. Kaka Kande, mahaifiyarsa, ta taso daga Kagoma da ciwon gwiwa, ta ce mako biyu za ta yi, ta yi shekara uku. Ni kuma ina koyar da aji huɗu a firamaren da kuke, har da darasin kiwon lafiya. Bitrus yana sha ɗaya, Rifkatu takwas, Yohanna biyar. A ƙofar makarantar nan akwai masu talla, da alawa mai launi da wani ruwan sanyi a leda, ja da kore, wanda in yaro ya sha, harshensa ya rine ke nan har yamma. Ina tsaye a gaban allo ina ta cewa yara su guji zaƙi, ashe ɗan cikina Bitrus ne babban kwastomansu. Ban sani ba sai da kumatunsa ya kumbura kamar ya ɓoye lemo a baki. Da aka cire haƙorin, likitan ya tambaye ni aikin da nake yi. Na ce koyarwa. Ya ce wane darasi? Kai, ranar na so ƙasa ta tsage in shige.

A hanyar dawowa na tara ku na ce, "Daga yau babu wanda zai ƙara tsayawa wurin masu talla. Abin da za ku ci in an fita tara a makaranta, a gidanmu za a yi shi, kuma da hannunku."

Bitrus, da auduga cike da baki, ya ce, "Mama, har da ni?"

Na ce, "Kai ne ma na farko."

Na zo da littafina na koyarwa zan duba abin da ya dace da yara, Kaka ta yi dariya har tana riƙe gwiwa. Ta ce in rufe takardar nan in je in sayo gyaɗa da aya. Haka Asabar ta zama ranarmu. Da safe in shiga kasuwa, wurin wata Hajiya mai hatsi kusa da 'yan citta, wadda ba ta taɓa barina in tafi ba sai ta tambayi jikin Kaka. Bayan abincin rana a shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Ni ce mai soya gyaɗa a kasko da yashi. Bitrus ya murje ta ya bakace a faifai, rabin ɓawon ya sauka a kan Yohanna, a yi ɗan kuka, a ci gaba. A soya aya da 'yar masara, a daka, a tankaɗe, a mayar turmi tare da gyaɗar, a sa citta ta gonar Kaka da ɗan gishiri, a zuba zumar da ake kawo mata daga ƙauye a kwalba maimakon sukari. Kaka tana zaune da ƙafa a miƙe tana ba da umarni, ba ta yarda a sauke taɓarya sai mai ya fara tsatstsafowa. Sai a juye a babban kwano, kowa ya wanke hannu, in duba farce ɗaya bayan ɗaya kamar a layin makaranta, a fara cura dakuwa. Wani makon mukan yi kantun riɗi, wani makon dafaffiyar gujiya ko dankali, da ayaba ko lemo in lokacinsu ne. Amma dakuwa kuka fi so, ita ce ake faɗa a kanta.

Saboda faɗan nan ne Kaka ta kafa doka. Ta ce duk wanda ya cura, ya danna babban yatsansa a kai, domin ranar Litinin da safe kowa ya ɗauki nasa babu gardama. Na Bitrus manya ne, don haɗama, yatsan ya nutse har tsakiya. Na Yohanna ba su da siffa, sai dai a ce Allah ya ba da lada. Na Rifkatu kuwa, ku tuna mana. Sumul kamar ƙwan zabo, girmansu ɗaya, kuma ko sun kai Juma'a a jaka ba sa marmashewa. Tana curawa tana rera waƙoƙin makarantar Lahadi, ba ta ma kallon hannunta. Kaka takan ɗaga guda sama ta ce mu duba, wannan yarinya ita ta ɗauko hannun gidansu. Rifkatu ta sunkuyar da kai tana murmushi, kunnenta har rawa yake don daɗi. Wannan ita ce yarinyar da kuke cewa ba ta son kicin.

Da hagu take curawa. Kun san bahaguwa ce, wannan ba labari ba ne. Ni da kaina na je wurin hedimasta na ce a bar ta ta yi rubutu da hannun da Allah ya sauƙaƙe mata, kuma aka bar ta. Cin tuwo da gaisuwa na koya mata da dama tun tana ƙarama, ta iya. Curin dakuwa kuwa babu wanda ya kawo shi a ransa. Ni na gani tun ranar farko, na kau da kai, domin kallon hannun nan yana aiki yana yi mini wani daɗi da ban so in bincika ba.

Kafin zango ya ƙare, yaran makaranta sun fara bin ku suna roƙon ɗanɗano. Magana ta kai kunnen hedimasta, ya ce a taron iyaye da malamai mai zuwa in tsaya in nuna wa iyaye abin da za su riƙa haɗa wa yara a gida. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Matan zumunta na majami'armu suka ji, su shida suka ce za su zo wata Asabar su koya. A cikinsu akwai matar wani dattijo, ba zan faɗi sunanta ba, ta rasu kuma 'ya'yanta suna gaishe ni har yau. Mace ce da in ta yi tari a majami'a kowa ya gyara zama. Suka zauna a benci, ku kuna kan tabarma, ni ina ta bayani kamar a aji. Da aka gama curawa, Rifkatu ta duba nata, ta zaɓi wanda ya fi kyau, ta tashi ta durƙusa a gaban matar nan ta miƙa mata. Don zumuɗi ta manta, ta miƙa da hannun da ta cura.

Matar ba ta karɓa ba. Ta dubi hannun ta ce, "Da wane hannu kike ba ni?"

Rifkatu ta dubi hannunta kamar yau ta fara ganinsa.

Matar ta juyo gare ni ta ce, "Malama, ashe da hagu ake cura abin da za mu ba yara? Ke da kike koya wa 'ya'yan mutane tsabta? Mu a gidanmu ko kare ba a miƙa wa abinci da wannan hannun."

Wata ta ce haba, ai yarinya ce. Wasu suka yi 'yar dariyar da ake yi in babba ta yi magana. Kaka kuwa ta miƙa hannu ta karɓi dakuwar daga hannun Rifkatu ta sa a baki, ta tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage mata, tana kallon matar ido cikin ido. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta nuna mini hanya, ban bi ba. Abin da nake ji kawai shi ne a gaban mata shida an ce gidana babu tarbiyya.

Na ce, "Rifkatu, tashi ki je ki wanke kwanuka."

Da baƙin suka tafi na kafa tawa dokar: a tabarmar nan da dama ake cura abinci, wanda ba zai iya ba ya tashi. Asabar uku yarinyar nan tana fama. Ta ɗebo da dama, ta matsa, ya wargaje. Ta sake, ya fito kamar wanda aka taka. In ta shagala hagun ya shiga kwano da kansa, ni kuma in buge bayan hannun da ludayi. Ba da ƙarfi ba, haka nake gaya wa kaina a lokacin, kamar ƙarfin ne abin dubawa. Yohanna yakan nuna nata ya yi dariya, ya ce yanzu nasa ya fi na Rifi. Kada ka damu, auta, shekararka biyar, ba kai ka fara ba. Abin da na lura da shi, kuma na yi kamar ban lura ba, shi ne waƙa ta ɗauke a gindin mangwaro.

Wata rana da yamma, kuna wasa a waje, ina zaune ina ɗinka maɓallin rigar makarantar Bitrus, Kaka ta jawo kujerarta kusa da ni. Da yarenmu ta yi maganar, ni ce nake mayar muku da ita Hausa.

Ta ce, "Maman Bitrus, da wane hannu kika zura zaren nan a allura?"

Na ce, "Kaka, wace irin tambaya ce wannan?"

Ta ce, "Shekara biyu ina gidan nan. In kin ɗauka babu mai kallonki, da hagu kike zura zare. Ranar da tukunya ta kusa kifewa, da hagu kika tare ta. Idona ba gwiwa ba ne, lafiyarsa ƙalau."

Allurar ta soke ni. Ga abin da ban taɓa gaya muku ba, ko babanku sai da muka tsufa ya ji: uwarku bahaguwa ce. Haka aka haife ni. Da mahaifiyata ta rasu aka kai ni wurin gwaggona a wani ƙauye kusa da Nok, ina shekara shida. Gwaggo ta ce ba za a ce a hannunta aka yi rainon 'yar da ke cin abinci da hannun bayan gida ba. Kullum da safe ta ɗaure mini hagu a ƙugu da tsohon ɗankwali, sai rana ta faɗi ta kwance. Damina guda cur haka na yi shara, haka na ɗebo ruwa, haka na ci abinci a kwanona ni kaɗai a gefe, yaran gidan suna kirana mai hannu ɗaya. Na koya. Na koya sosai, har na zama malamar da ake yabon rubutunta a allo. Ban taɓa yin kuka a gaban Gwaggo ba, kuma na girma ina ɗauka wannan abin alfahari ne.

Na ce wa Kaka, "Shi ya sa nake yi. Na san abin da mutane za su yi mata. Gara ni in gyara ta a gida kafin ta je gidan miji a yi mata dariya."

Ta ce, "Mutane ba su yi mata komai ba tukuna. Mace ɗaya ce ta yi magana ta koma gidanta, ko sunan yarinyar ba ta riƙe ba. Ke ce kika ɗauki maganar kika shigo da ita ɗaki kina ba ta abinci."

Nan ne zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Kaka, ni na yi makaranta, na san abin da nake yi."

Ta dube ni, ta jawo kujerarta ta koma inda take. Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta bar duniya. Cikin duk maganganun banza da bakin nan nawa ya furta, kuma ya furta da yawa, wannan tana cikin waɗanda nake roƙon Ubangiji gafara a kansu da suna.

Asabar ɗin ƙarshe kafin taron iyaye, muka yi dakuwa mai yawa, wadda za a jera a tire a zagaya da ita. Kafin a fara, Rifkatu ta matso kusa da ni ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, za a sa nawa a tire? Na gaya wa ƙawayena."

Na ce, "In kin yi da dama, za a sa."

Ana cikin aiki maƙwabciya ta yi sallama tana neman aron rariya, na tashi na je, muka ɗan tsaya hira a ƙofa. Da na dawo, ga wasu a jere a gaban Rifkatu, sumul, kamar na da. Na ɗauki ɗaya na duba. Alamar babban yatsan hagu ba inda ta dama take karkata ba, kuma babu wanda ya fi ni sanin haka a duniya.

Na ce, "Da wane hannu kika yi?"

Ta dubi tabarma ta ce, "Da dama, Mama."

Ƙaryar farko ke nan da 'yata ta taɓa yi mini, kuma ni na tura ta. Na bar ta ta kwana huɗu tana murna. Ranar taron da safe, kuna wanka, na buɗe kwanon na tsince nata ɗaya bayan ɗaya. Tunanina shi ne matar dattijon nan za ta zo, za ta tambaya a gaban jama'a, ni kuma ina so in ce da bakina babu hagun da ya taɓa abin da ke tiren nan, kuma ya zama gaskiya. Kun ji irin gaskiyar tawa. Da na ajiye su a kabad, da na ba Kaka, da ma na cinye su ni kaɗai. Amma ina sauri, kuma ba na son a gan su a hannuna, sai na zagaya bayan kicin na juye su a kwanon kaji.

Taro ya yi kyau, don in faɗi gaskiya. Na yi bayani a kan gyaɗa da riɗi da zuma, na nuna haƙorin Bitrus da na ajiye a kwalba, iyaye suka yi dariya suka tafa. Ina tsaye a gaba ina karɓar yabo, na hango Rifkatu a bayan ɗaki da ƙawayenta biyu sun tare mai ɗauke da tire. Tana juya tiren, tana leƙawa, tana ɗaga wannan tana ajiye wancan. Ta bi tire na biyu. Ƙawayen suka gaji suka ɗauki na Bitrus suka tafi. Matar dattijon da na yi duk wannan dominta kuwa, ba ta ma zo ba. An ce ta tafi biki Kagoro.

Ba wa kaji ruwa aikin Rifkatu ne in an dawo makaranta, kuma wannan ma na manta da shi da safe. Ina zaune a tebur ina duba littattafan yara, ta shigo ta tsaya a gefena. Ta buɗe hannu ta ajiye dakuwa biyu a kan littafin da nake dubawa, duk ƙasa, an tsattsage gefensu, amma alamar yatsan tana nan.

Ta ce, "Mama, sun bar guda biyu."

Ba ta yi kuka ba. Ta juya ta fita. Na bi bayanta da kallo, na ga kaina a tsakar gidan Gwaggo, duk da haka ban tashi daga kujerar ba. Na ce wa zuciyata yarinya ce, kwana biyu za ta manta. Ni da ban manta nawa ba!

Asabar ta zagayo, na shimfiɗa tabarma, Rifkatu ta kwashi kwanuka da kanta ta nufi bakin famfo. Girman kai ya riƙe ni wata guda. Ranar da na buɗe baki ma, ban ba ta haƙuri ba, umarni na bayar, kamar ina yi mata alfarma. Na ce ta zo ta zauna, ta yi da duk hannun da ta ga dama.

Ta ce, "Na gode, Mama. Ina da wanke-wanke."

Ba ta ƙara zama a tabarmar nan ba. In na sa mata dakuwa a jaka, ta ci ayabar ta dawo da sauran yadda na ƙulle shi. Da babanku ya zo ƙarshen wata ya tambaya me ya sa Rifi ba ta cikinku, na ce ai ta fara girma, ƙiwa ta kama ta. A gabanku na faɗa. To kun ga, Bitrus, kalmar nan da kuke jifanta da ita, daga bakina kuka tsince ta. Daga nan ta tafi makarantar kwana, ta wuce jami'a, ta zauna Abuja tana zanen gine-gine da hannun da na bi da ludayi. Tana kirana kowace Lahadi, tana aiko da maganin hawan jinina kafin ya ƙare, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma tun tana shekara takwas ni da ita ba mu sake sa hannu a kwano ɗaya ba.

Akwai saura, wanda ba ku sani ba domin ba kwa nan. A dogon hutun bara Rifkatu ta kawo mini 'yarta Alheri suka yi mako guda. Yanzu ni ce Kaka. Alheri, mai shekara shida, ta ce a makarantarsu an hana zuwa da biskit da lemon kwalba, kuma Mominta ta ce Kaka ta iya wani abu mai suna dakuwa. Na yi mamaki da Rifkatu ta ambaci sunan abin ma. Ba ni da ƙarfin taɓarya yanzu, sai na kai injin niƙa, na shimfiɗa tabarma a baranda, muka wanke hannu, na duba farcen yarinya. Rifkatu tana tsaye a ƙofa da waya a hannu. Alheri ta zura hannu a kwano, kuma hagu ne.

"Alheri! Da dama!"

Ba ni na faɗa ba. Rifkatu ce, amma muryata ce sak, har inda nake karya kalmar. Hannun yarinyar ya tsaya cak a cikin kwano, ta dubi uwarta, ta dube ni. Ban yi shawara da kowa ba, sai na ga hannuna na hagu ya shiga kwanon, ya ɗebo, ya juya. Shekara sittin da wani abu rabonsa da abinci, amma bai manta ba. Ta fito sumul. Na danna babban yatsa na ajiye.

Na ce, "Bar ta, Rifi. Duba, ni ma da shi nake yi."

Ta tako a hankali, ta durƙusa, ta ɗauki dakuwar ta juya ta, ta daɗe tana kallon alamar.

Ta ce, "Mama, tun yaushe?"

Na ce, "Tun haihuwa. Ɗaure shi aka yi."

Allah ya gafarta mini, na zaci za ta rungume ni. Na zaci asirin nan da na ɓoye zai zama kyauta in na fito da shi. Ta ajiye dakuwar a inda ta ɗauka, ta yi magana a hankali don kada yarinya ta ji.

"Ashe kin san yadda yake. Duk shekarun nan ina ce wa kaina ba ki sani ba ne. Da haka na yafe miki."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ni da Alheri muka ƙarasa aikin, ita tana ta surutu, ni ina amsa mata da ka. Da za su tafi na cika roba da dakuwa duk mai alamar hagu, Rifkatu ta karɓa ta sa a mota ta ce an gode. Har yau tana kira ranar Lahadi, tana tambayar jinina, ba mu sake taɓa maganar ba. Ban san ko yafiyar nan da ta ambata tana nan ko na rushe ta ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Yanzu ku koma ku buɗe hoton nan, ku ja shi ya girma, ku dubi gefen hagu daga ƙasa. Alheri ce a durƙushe tana murza ƙullun cincin tare da 'ya'yan Bitrus, ku dubi hannun da take yi da shi. Sannan ku dubi inda idon uwarta yake. Ni ina wurin, na ga lokacin da ta buɗe baki ta sake rufewa, na ga lokacin da ta naɗe hannayen nan a ƙirji ta matse. Ba duba aiki take yi ba. Riƙe kanta take yi, abin da ni na kasa. Yohanna, ka cire hoton, ko ka bar shi ka goge abin da ka rubuta. Bitrus, ka gaya wa matarka, ba laifinta ba ne, ta tarar ana yi ne. Daga yau duk mai son tsokana a kan kicin ya kawo ta wurina, ni na cancanta.

Ke kuma Rifkatu, na ce babin nan ba naki ba ne, amma na san za ki karanta. Abin da ya kamata in tashi daga tebur in bi ki bakin famfo in faɗa, ga shi, ya makara ƙwarai: na yi miki laifi, ina sane na yi, ki gafarta mini in kin iya. In ba ki iya ba, ba zan ce kin yi ƙiwa ba. Guda tara ne. Na ƙirga su kafin in juye wa kaji, kuma har yau ba a cura dakuwa a gidana da ta kai su kyau ba.